A Fitar da Wanda Aka Zaga

Gagare ɗan ƙanena ne, saboda haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa na rubuta wannan. Ni na goye shi uwarsa tana daka. Tun yana yaro, in ya kama fara sai ya ce zabuwa ce ta kuɓuce masa ya tsira da wannan. Ya girma, ya yi aure, ya tara 'ya'ya, bakin nan bai ragu ba.

Ƙauyenmu Unguwar Jinjiri ne, tsakanin Karare da Wagini a ƙasar Batsari. A shekarun nan da mutanen daji suka hana kowa sakat, hatsi ya yi tsada, mai ya gagari masu babur, ba wanda ke zuwa gona mai nisa shi kaɗai. Sai dai gayya. A fita da safe ana da yawa, 'yan sintiri na gaba, a sare kara, a yanke zangarniya, a ɗaure, a loda a amalanke, a dawo gida tun rana na sama. Wanda bai samu gayya ba, geronsa ya zama na tsuntsu da ɓarawo. Gonar Gagare kuwa, wadda ubansa ya bar masa, tana can Tudun Marke, nesa da gari, kuma ita kaɗai ce abincin gidansa na shekara.

A al'adarmu jin labarin gayya daban, gayyata daban. Ko ka ji ana kiɗa a gonar maƙwabcinka, in bai kawo maka goro ba, ba ka shiga. Da yawo tsakanin unguwanni ya zama abin tsoro, sai Malam Abdulmumin na firamare ya buɗe wani zaure a cikin waya, abin da suke kira guruf, aka yarda cewa wanda ya yi kira a ciki kamar ya raba goro ne. A nan ake sanar da rasuwa da haihuwa, da ɓatan akuya, da hanyar da ba ta da kyau ranar kasuwa. Yawancinmu ba karatun boko muka yi ba, da murya ake magana.

Kuma waya a wajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Lamba ɗaya, kunnuwa gida guda, wani lokaci unguwa guda. Ni ba ni da waya, ba na kuma so. A ta Yohanna nake ji, wanda katangarmu ɗaya. Kakan Yohanna da ubana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka bar tsafin gidanmu ubana ya musulunta, ɗan'uwansa ya bi 'yan mishan. Na gaya wa Yohanna tun yana saurayi cewa ban yarda da hanyarsa ba, ya ce ya ji, Gwaggo. Daga nan ban ƙara ba, shi kuma bai daina ɗebo mini ruwa ba. Bayan la'asar matarsa Blessing kan fito da wayar ta ɗora a kan turmi, mu matan wannan gefe mu zauna mu ji abin da ke ciki.

Abin ya tafi daidai har Rilwanu mai caji ya shigo. Shi ke da sola a bakin kasuwa, duk wayar ƙauyen a shagonsa take cin wuta. Ba shi da aiki sai zama da tura maganganu. Akuyar Yohanna ta ci wake a bayan shagonsa, maimakon ya ce akuya ta ci wake, sai ya yi magana mai tsawo a kan arna da dabbobin arna. Aka mayar masa, ya ƙara. Kafin a ankara, in ka buɗe waya don ka ji ko hanyar Batsari lafiya, sai ka ji zagin kakanni. Malam Abdulmumin ya yi nasiha har ya gaji, ga shi an mayar da shi makarantar Safana. Ya tara maza a gindin tsamiya ya ce yana neman wanda zai riƙe zauren.

Gagare ya miƙe tun maganar ba ta sauka ba. Ya taɓa yin rani ɗaya yana acaɓa a birni, kuma tun daga lokacin ba abin da bai sani ba.

Ya ce, "Malam, wannan ai wasan yara ne. Ni da na riƙe guruf na 'yan acaɓa, Yarbawa a ciki, Inyamurai a ciki, ko tari ba a yi sai da iznina. Ka ba ni shi. Kafin gero ya nuna, in ka ji an zagi ko kaza, ka canza mini suna."

Malam ya danna abin da zai danna, Gagare ya zama admin, wato mai sa mutum da fitar da shi. Washegari ya fito da babbar riga ta sallah, ya hana kowa kiransa da sunansa. Har ni ya zo ya ce wa, "Gwaggo, a gaban mutane ki riƙa cewa Admin."

Na ce, "A gaban mutane na wanke maka kashi. Tashi ka ba ni wuri."

Da la'asar ya saki jawabinsa na farko, muna zaune a bakin turmi. Ya yi sallama mai tsawo, ya gaida kansa, sannan ya ce, "Daga yau an daina. Ba wanda zai ƙara ce wa Yohanna arne, ko da kuwa kowa ya san ba ya sallah. Ba wanda zai ƙara cewa Fulanin ruga ɓarayi ne, domin ba dukansu ba ne, Sammani dai har yanzu ba a kama shi ba. Ba wanda zai ƙara cewa Liman Armaya'u ya tsufa yana tsallake aya, domin tsufa ba laifi ba ne. Ba wanda zai ce mata sun cika surutu, Allah ne ya yi su haka."

Blessing ta kashe wayar ta dube ni. Ta ce, "Gwaggo, Rilwanu ma bai taɓa haɗa mu duka a zama ɗaya ba."

Ranar zauren ya kama da wuta. Rilwanu ya yi murna, ya ce tunda Admin da bakinsa ya tabbatar, shi me zai ƙara, sai ya ƙara. Mutane suka je wa Gagare suka ce ya fitar da Rilwanu. To Gagare ba zai iya ba. Wayarsa a shagon Rilwanu take kwana, kyauta, kuma duk ƙauyen Rilwanu kaɗai ke ce masa ranka ya daɗe. Ya shiga ɗaki ya yi tunani, abin da bai saba ba, ya fito yana murmushi, ya same mu a tsakar gidan Yohanna.

Ya ce, "Na gano ciwon. Zagi ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da wanda ake zaga. In babu wanda za a zaga, ina zagin? Saboda haka doka ita ce, duk wanda aka zaga, za a fitar da shi, don kare mutuncinsa."

Yohanna yana gyaran taya ta keke, ya ɗago. Ya ce, "Yaya Gagare, ni aka zaga, ni kuma za a kora?"

"Ba kora ba ce. Hutu ne. Ka ƙara jin an zage ka?"

"Ai ba zan ji komai ba."

"To ka gani. Ka gode mini daga baya."

Ya danna a gabanmu. Da wannan dannawa ɗaya ya toshe kunnen Yohanna da Blessing, da nawa, da na duk matan gefenmu, da na makaɗan gangar noma waɗanda su ma a nan suke sauraro. Bai san da haka ba, ko ya sani bai damu ba. Ya tafi yana baza riga.

A makon nan surukar ƙanwata ta rasu a Wagini, aka sanar a waya, ban ji ba sai bayan addu'ar uku. Ni da ban taɓa fashin gaisuwar mutuwa ba tun ina amarya. Na ɗauki sandata na je gidan Gagare.

Na ce, "Kai, ka sa an ce ni Saude na yi girman kai."

Ya ce, "Gwaggo, ai ba ke na fitar ba. Lambar Yohanna ce."

"Kunnena a lambar Yohanna yake."

"To wa ya ce ki ajiye kunnenki a gidan Kirista?"

Na ɗaga sandar, ya shige bayan rumbu. Daga can yake cewa gyara dole sai an sha wuya.

Rilwanu ya kwana biyu ba shi da abin taɓawa, sai ya juya kan Sammani na ruga. Sammani mutum ne mai shanun huɗa da amalanke, shi ke kwaso wa rabin ƙauyen nan hatsi daga gona, kuma mutanen daji sun kore masa garke kamar yadda suka kore na kowa, har sun fi. Rilwanu ya ce ai Fulanin ruga su ke kai rahoto daji.  Gagare ya fitar da Sammani, ya kuma yi sanarwa cewa an kare mutuncin Fulani gaba ɗaya. Matar Sammani ta zo da nono washegari ta tsallake ƙofar Gagare ko sallama babu.

Sai Rilwanu ya ce muryar mace a zauren maza fitina ce. A'isha mai ƙosai ta amsa masa cewa ai bai ji fitina ba lokacin da yake cin ƙosanta. Ya zage ta, ya haɗa da duk mai ɗaura zane. Gagare ya bi lambobin mata ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan ta matarsa Zuwaira, wata waya mai fasasshen gilashi da wanta na Safana ya ba ta.

Zuwaira tana tankaɗe ta ga abin ya fito. Ta ce, "Maigida, har ni?"

Ya ce, "Doka ba ta san aure ba."

Ta ce, "To. Tukunya ma ba ta san doka ba."

Ranar da ruwan kunu ya kwana.

Daga mata aka koma masallaci. Rilwanu ya ce masu sakin hannu a sallah 'yan bidi'a ne, ya ambaci Liman Armaya'u da suna. Liman ba shi da waya, a ta ɗansa yake ji, ɗan kuma shi ne shugaban 'yan sintiri. Gagare ya fitar da su. Masu riƙe hannu suka ce wannan rashin kunya ne ga dattijo, Rilwanu ya ce munafukai ne, Gagare ya kare musu mutunci su ma. Samari suka yi ta dariya, Rilwanu ya ce 'yan ƙwaya ne, aka kare musu. Duk wanda ya buɗe baki Rilwanu ya sa masa suna, duk wanda aka sa wa suna Gagare ya ba shi hutu. Da yamma sai ya zauna a bencin shagon caji, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana nuna wa masu wucewa waya.

"Ku saurara. Kun ji wani abu? Shiru kamar maƙabarta. Gwamnati ma da ta san ni, da an daɗe da gama da mutanen daji."

Rilwanu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ba na ƙauye ba ne."

Ana haka gero ya nuna. Gonar Yohanna da ta Gagare iyaka ɗaya suke a Tudun Marke, domin asalinsu gona ɗaya ce aka raba, kuma kowace shekara gayya ɗaya ake yi musu. Yohanna ya same shi a bencin, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce, "Yaya, tsuntsu ya fara sauka. Mu sa rana."

Gagare ya ce, "Admin ba ya maganar jama'a a bakin hanya. Ka faɗa a guruf."

"Ai ka fitar da ni."

"To ka ga ke nan ba ni da yadda zan yi."

Yohanna ya juya. Ya sayi goro, ya hau kekensa, ya bi gida gida, unguwa unguwa, har ruga, yana durƙusawa yana cewa ranar Alhamis. Da Gagare ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ma ranar Alhamis, a ga wanda kiransa ya fi ƙarfi, mai keke ko mai waya.

Na aika aka kira mini shi. Na ce, "Ka sayi goro ka bi mutane. Yaran nan naka hatsi suke ci, ba suna ba."

Ya ce, "Gwaggo, zamaninku ya wuce. Yohanna ya yi wuni yana zufa, ni yatsa ɗaya zan sa." Ya danna a gabana ya ce, "Jama'ar Unguwar Jinjiri, Admin ke magana. Alhamis, Tudun Marke. Kowa ya zo da abin aikinsa. Wanda ya makara kada ya yi kuka da ni." Ya saki yatsa ya ce, "Shi ke nan. An raba goro."

Na ce, "Wa ya karɓa?"

Ya ce, "Iska ta kai."

Ya sa Zuwaira ta auna sauran dawar da ke gidan a yi tuwon gayya. Ba macen da ta zo taya ta, don ba a kira kowa ba. Ni na je, ba don shi ba, don yaran. Muka tuƙa, muka yi miyar kuka, muka dama fura. Da na fito na biya wajen mai goro na sayi abin da na saya, na ƙulle a bakin zane, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis aka fita. Ni Sammani ya ɗauka a amalanke tare da Blessing da tukwanensu, domin Yohanna ya kawo mini nawa goron har ɗaki. Zuwaira na biye da jaki da nata tuwon. Gagare ya riga kowa isa a kan babur ɗin aro, ya ɗaura wata sifika da ya karɓo a wajen Rilwanu, ya hau kan wani suri a bakin gonarsa. Da ya hango jama'a sun taso, 'yan sintiri gaba, ganga na tashi, amalanke na bi, sai ya gyara hula ya kunna sifika.

"Madalla da jama'ata. Na san ba za ku ba ni kunya ba. Ku dubi yawan nan, yatsa ɗaya fa. Masu sara su fara daga gabas, masu yanka su bi baya. Liman, kai ka zauna a inuwa, na yafe maka."

Mutane suka iso, suka gaishe shi, wasu har da cewa sannu da aiki Admin, suka bi ta gefen surin, suka tsallake iyaka, suka shiga gonar Yohanna. Ganga ta bi su. Amalanke ta bi su. Gagare ya ci gaba da nuna gabas da hannu har ya ga ba kowa a gabas.

Ya ce a sifika, "Kun yi kuskure. Nan ce. Waccan ta Yohanna ce."

A'isha mai ƙosai ta ce, "Mun sani. Mu masu fitina can aka kira mu."

Ya sauko da gudu, riga na kama kara, ya tare Liman Armaya'u. "Allah gafarta Malam, wannan ai cin amana ne. Na yi kira."

Liman ya ce, "A ina?"

"A guruf."

"Masha Allah. Su wa ke ciki?"

"Duk gari."

"Duba mana. Idona ya tsufa, ka san har aya nake tsallakewa."

Aiki ya tsaya. Mutane suka matso da wuƙaƙe a hannu. Gagare ya buɗe waya yana cewa yanzu za ku gani. Ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa. Ya goge gilashin da hannun riga ya sake ja. Ɗan Liman ya leƙa ta kafaɗarsa ya ce, "Baba, mutum biyu ne. Shi da Rilwanu."

Gagare ya ce, "Sabis ne. Sauran ba su buɗe ba."

Sammani, wanda ban taɓa jin ya yi magana a taro ba, ya ce, "Nan tudu ne. Sabis ya fi na Batsari."

Daidai nan wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Fuskar Gagare ta washe. Ya ce, "Ga Rilwanu nan. Na tabbata yana tafe da mutanensa. Ku ji mai biyayya." Ya danna, ya manta wayar na haɗe da sifika, muryar Rilwanu ta cika Tudun Marke.

"Kai Gagare. Kwana nawa ina magana ba mai amsa mini, ka kashe mana zaure. To na zauna na yi bincike, ashe kai ma ba ka da tsarki. Kakanka da na Yohanna a gindin tsafi ɗaya aka aske musu kai. Gwaggonka a gidan arna take wuni. Sallarka ma na lura da ita, kamar kaza na tsince tsaba. Ni ba zan sa hannuna a geron irinku ba. Kuma ka dawo mini da sifikata kafin azahar."

Tsuntsaye na ta kuka a gonar Gagare. Shi kuma yana ta danna waya don ya kashe, sai saƙon ya sake farawa daga kai Gagare.

Yohanna ya share zufa da gefen hannu. Ya ce, a hankali, "Yaya, an zage ka."

"Wasa yake. Mun saba."

"Ni dai na ji har da kaka. Nawa ma bai kai haka ba."

Zuwaira ta sauke ƙwaryar fura daga kai ta ce, "Maigida, doka me ta ce?"

"Ke, ki yi mini shiru."

"Doka ba ta san aure ba."

A'isha ta ce, "A kare masa mutunci mana, jama'a. Bawan Allah yana tsaye ana zaginsa."

Samari suka ɗauka, mai ganga ya sa musu kiɗa, a kare masa, a kare masa. Gagare ya juya yana neman wanda zai tsaya masa, idonsa ya faɗo kaina. Ya ce, "Gwaggo, ki yi magana."

Na ce, "Kai ka kafa ta. Ba a gidanmu aka koya maka kafa doka ka tsallake ba. Fita."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya sa yatsan nan ɗaya da yake taƙama da shi, ya fitar da kansa. Ɗan Liman ya leƙa ya ce yanzu Rilwanu ne admin, shi kaɗai, a kan kansa. Har Liman sai da ya rufe baki da rawani.

Dariya ba ta yanke gero. Mutane suka koma aikin Yohanna, Gagare ya tsaya a iyaka da babbar riga, ga tuwon dawarsa ta ƙarshe yana hucewa, ga tsuntsu na sauka a gonarsa garke garke. Na kwance bakin zanena na zuba masa goro a hannu.

Na ce, "Tuɓe rigar nan. Ka fara da wanda ka fara fitarwa. Kuma a durƙushe."

Ya tuɓe. Ya je gaban Yohanna ya ɗan rusuna. Na ce ban ga gwiwa a ƙasa ba. Ya kai ta ƙasa. Yohanna ya karɓi goron ya ce, "Na karɓa, Yaya. Amma tawa aka kira, ita za a gama." Gagare ya je wajen Sammani, Sammani ya juya goron a hannu ya ce, "Ba ka tsoron in kai rahoton damin naka?" sannan ya jefa a baki. Mata suka sa shi ya bi su ɗaya ɗaya, A'isha ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa da ƙarfi, tunda muryar namiji ba fitina ba ce. Ya zo kan Zuwaira ya tsaya yana kallon gefe.

Ta ce, "Ni ma lamba ce. Durƙusa."

Liman ne na ƙarshe. Ya karɓa ya ce Allah ya shirye mu, ya ce a ba Gagare wuƙa ya kama aiki tare da kowa.

Sai bayan azahar aka gama ta Yohanna. Aka ci tuwon gida biyu a inuwa ɗaya, aka tsallaka ta Gagare. An yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Amma da rana ta karkata 'yan sintiri suka ce a tashi, kuma ba a musu da su. Aka bar gefen gabas a tsaye, wajen da yake ta nunawa da hannu. Da aka samu komawa, tsuntsu ya ci nasa, wasu sun yanke sauran. Rumbun Gagare bai cika ba a shekarar, tun kafin damina Zuwaira ta fara rage awo, kuma dawar da ta kai su ga sabon hatsi daga rumbun Yohanna ta fito. Na faɗa ne don a sani, tunda shi ba zai faɗa ba.

Abin da yake faɗa daban ne. Ranar kasuwar Batsari an ji shi a wajen mai shayi yana cewa shi ne mutumin da ya haɗa Musulmi da Kirista da Fulani da mata a gona ɗaya suka ci tuwo a inuwa ɗaya, dabara ce ya shirya tun farko, ƙauyawa ne ba su gane ba.

Rilwanu yana nan a tsohon zauren. Masu kai caji sun ce har yanzu yana danna waya ya yi magana mai tsawo, sannan ya kunna ya saurara yana gyaɗa kai. Malam Abdulmumin ya buɗe wani daga Safana, ya ce wanda ya yi zagi shi zai fita, abin da ko ɗan yaye ya sani. Ba a sa lambar Gagare ba, an sa ta Zuwaira. Bayan la'asar sai ya zo ya tsuguna a bayanmu, mu mata, a bakin turmi, yana sauraro. Ni nake zama kusa da wayar, da maficina a hannu. In ya miƙo yatsa, in buge shi.